Gida Ya Rabu Biyu, Kuɗin Haya Bai Rabu Ba

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zama na iyaye masu riƙon 'ya'ya su kaɗai bayan rabuwar aure. An rage gaishe-gaishe da maimaici, sauran yana nan yadda mai laccar ta faɗe shi.

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Na san da yawa cikinku sai da kuka nemi wanda zai zauna muku da yara kafin ku fito, wasu kuma ga su nan da goyo. Idan yaro ya yi kuka a ƙyale shi, kada kowa ta tashi ta fita, ai dominsu muka taru.

Yau ba za mu taɓa maganar wa ya yi laifi ba, wa ya cuci wa. Wannan tana da ranarta. Maganarmu ta fara ne daga safiyar da kika farka, ko ka farka, aure ya ƙare, ga yara suna barci a gefe, ga wata yana tafiya, mai gida kuma bai san an yi saki ba, ko ya sani ba ruwansa. Zan fi yin magana da harshen mace, domin hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a rahotonta na 2019 cewa a duniya, cikin kowane gida goma da mahaifi ɗaya ke riƙe da yara shi kaɗai, fiye da takwas uwa ce. Amma ga maza nan ina gani a layin baya, kuma duk abin da zan faɗa ya shafe ku.

Bari in fara da wani lissafi, domin shi ne ya cire mini ƙaya a zuciya shekarun baya, lokacin da nake zargin kaina da rashin iya tattali.

Masu nazarin tattalin arziki suna da ma'aunin da suke auna buƙatar gida da shi, wanda aka fi sani da ma'aunin OECD, wato ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki. Babba na farko a gida ana ba shi maki 1. Babba na biyu rabin maki kawai ake ba shi, domin rufi ɗaya ne ya rufe su, fitila ɗaya ce take haska su, wuta ɗaya ake hurawa. Kowane yaro da bai kai shekara 14 ba ana ba shi 0.3. To, mu ɗauki miji da mata da yara biyu. Ɗaya, da rabi, da 0.3 sau biyu, ya ba mu 2.1. Yanzu an rabu. Uwa da yara biyu sun zama 1.6, uba shi kaɗai ya zama 1. Ku haɗa, 2.6 ke nan. Mutanen nan huɗu ne dai, ba a ƙara ko jariri ba, amma buƙatarsu ta hau da kusan kashi 24 cikin 100. Abin da ya fi wannan nauyi kuma, wadda ta tafi da yaran tana buƙatar kusan kashi 76 cikin 100 na duk kuɗin da ke shiga gidan a da, kafin ta ci gaba da rayuwa irin ta jiya. Wace ce a cikinmu ta fito daga aure da kashi 76 na kuɗin gidan? Wata da kashi 30 ta fito, wata da hannu biyu.

Hausawa suna cewa gida biyu maganin gobara, kuma gaskiya ne, wani lokaci rabuwar ita ce ta kashe wutar. Sai dai gida biyu haya biyu ne, kuɗin wuta biyu, kuɗin ruwa biyu. Saboda haka idan kin ga kuɗi ba sa kai ki ƙarshen wata, ki daina cewa hannunki ne ba ya riƙe abu. Lissafin ne ya sauya, kuma idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya.

Akwai wani abu kuma da nake so ku sani game da kwakwalwarku a wannan lokaci. A 2013 wasu masu bincike, cikinsu har da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, sun wallafa nazarin da suka yi kan manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya. Manoman nan sau ɗaya suke samun kuɗi mai kauri a shekara, bayan girbi. Aka yi musu gwajin tunani kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe, aka sake yi wa mutanen nan dai bayan an biya su. Sai aka ga sun fi ƙoƙari sosai bayan girbi. Mutum ɗaya ne, kai ɗaya, amma damuwar rashi tana cinye masa wani sashe na hankali. Ke kuwa ga rashin, ga ɓacin rai, ga rashin barci. Don haka nake roƙonku, a watannin farko kada ku yanke hukuncin da ba a iya warwarewa. Kada ki sayar da fili, kada ki zuba duk abin da kika mallaka a sana'ar da wata ta ce miki tana kawo riba, kada ki sa hannu a takardar da ta ce kin yafe haƙƙi don kawai ki huta da ganin fuskar mutum. In an matsa miki, ki ce a ba ki mako biyu, ki kai takardar wurin wanda ya san doka ya karanta miki.

Abin da ya kamata a yi da gaggawa ƙananan abubuwa ne masu ban gajiya. Takardun haihuwar yara, katin rigakafinsu, takardun makaranta, shaidar aure da ta saki, yarjejeniyar haya, rasidin duk wani abu mai daraja da kika saya da kuɗinki. Ki tattara su wuri ɗaya, ki ɗauki hotonsu da waya ki aika wa wanda kika amince da shi. Ki buɗe asusun banki da sunanki ke kaɗai in ba ki da shi, ki sauya lambobin sirri na waya da na kati. Sannan ki zauna ki tuna, akwai bashin da aka ci da sunayenku biyu? Akwai wanda kika tsaya masa a banki lokacin ana ɗasawa? Banki bai halarci ɗaurin aurenku ba, bai kuma halarci rabuwarku ba, sa hannunki kawai ya sani. Na ga matar da aka riƙa cire wa kuɗi daga albashi shekara biyu bayan saki, saboda motar da ko hawanta ba ta ƙara yi ba.

Yanzu mu zo kan matsuguni, inda zan fi daɗewa, domin duk sauran lissafi a kansa yake tsaye. Yaron da bai san inda zai kwana wata mai zuwa ba, karatu ba ya shiga kansa. Uwar da ke jiran ƙwanƙwasar mai gida ba ta iya tsayawa kan sana'a.

Da farko, kada fushi ya fitar da ke daga gida kafin ki san matsayinki a cikinsa. Na ware wuri ɗaya: idan akwai duka, ko barazana ga ranki ko na yara, ki fita yau, da kayan jikinki ma in ya kama, lissafi ya biyo baya. Rai ba shi da na biyu. Amma in babu wannan, ki tambaya tukuna. Sunan wa ke kan takardar haya? Sunan wa ke kan takardar gida? Me dokar inda kike ta tanada? Ga Musulmi, ayar farko ta Suratul Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saki daga ɗakinta a cikin idda, ta kuma hana ta fita da kanta, amma sau nawa muka ga an yi aiki da ita? A daren ake kwashe kaya. Wasu ƙasashe sun wuce nan ma. A Masar, dokar 1985 ta ɗora wa mijin da ya yi saki nauyin samar wa yara da mai riƙonsu wurin zama na daban, in bai yi ba su ci gaba da zama a gidan auren har riƙon ya ƙare. A Maroko, dokar iyali ta 2004 ta raba kuɗin matsugunin yaro daga kuɗin ciyarwa, kowanne da hukuncinsa. Na kawo waɗannan ne don ku ga cewa rufin kan yaro haƙƙi ne da alƙalai ke zama a kansa. Kowace ƙasa da tsarinta, ki je ki tambayi naki, kuma a wurare da yawa akwai ofisoshin lauyoyi masu taimakon marasa ƙarfi kyauta.

To, a ce dole ki nemi sabon wuri. Nawa ya kamata haya ta ci? Za ku ji ana cewa kada ta wuce kashi 30 cikin 100 na kuɗin shiga. Wannan adadi daga Amurka ya samo asali. A 1969 wani sanata mai suna Edward Brooke ya kawo gyaran doka da ya ƙayyade hayar gidajen gwamnati kada ta wuce kashi 25 na abin da iyali ke samu, a 1981 aka ɗaga zuwa 30, daga nan duniya ta ara. Ma'auni ne mai amfani, amma ba a yi shi don mace mai yara uku da albashi ɗaya ba. Mai samun abu da yawa zai iya ba da kashi 40 ya kwana lafiya, mai samun kaɗan kashi 30 ɗin ma zai iya hana yaransa takalmi. Ni yadda nake koya wa mata, daga ƙasa ake farawa. Ki cire abin da za a ci, ki cire makaranta, magani, kuɗin mota. Abin da ya rage, a cikinsa hayarki take.

Kuma kada ki auna haya ita kaɗai. Ki haɗa ta da kuɗin mota da lokaci. Ɗaki mai arha a ƙarshen gari yana iya cinye miki abin da kika rage a zirga-zirga, ya ƙara miki awa biyu a hanya kullum, awa biyun da babu mai duba yara. Ya kuma raba ki da maƙwabciyar da ke karɓar miki yaro daga makaranta, da 'yar uwar da za ki buga wa ƙofa tsakar dare in zazzaɓi ya tashi. Waɗannan mutane dukiya ne, ko da ba a rubuta su a littafin kasafi. Ranar da kika rasa su za ki san farashinsu, domin da kuɗi za ki sayi abin da suke yi miki don Allah. A ganina, ɗaki ɗaya kusa da makarantar yara da mutanenki ya fi ɗaki uku a inda ba ki san kowa ba.

Ni kaina na yi kuskure a nan, kuma ina faɗa ne don kada wata ta maimaita. Lokacin da aurena ya mutu ina da yara uku, muna cikin gidan haya babba. Na ƙi tashi. Na ce yara sun rasa zama da ubansu, ba za su rasa ɗakinsu ba, kuma a can ƙasan zuciyata ba na son a ce na koma baya. Wata takwas ina biyan gidan da ya fi ƙarfina daga ajiyata, har ta ƙare. Da na tashi tun ina da abin hannu, da ni zan zaɓi inda za mu koma. Da na tashi babu komai, inda aka samu nan muka shiga, kuma babbar 'yata ta rasa zangon karatu guda. Har yau abin yana yi mini ciwo. Saukowa da wuri, da ƙafarki, ya fi a sauko da ke.

Komawa gidan iyaye fa? Babu abin kunya a ciki, kuma sau da yawa shi ne matakin da ya fi hankali. Amma ki shiga da magana a fili. Wata nawa kike nufin yi, me za ki riƙa kawowa ko kaɗan ne, wa ke da ta cewa kan tarbiyyar yaranki. Abin da ba a faɗa ba a makon farko, shi ne ke zama rigima a wata na shida. Kuma kuɗin hayar da kika huta biya, kada ki bari ya narke. Ki riƙa ware shi kamar kina biyan mai gida, domin shi ne zai fitar da ke ranar da zaman ya ishe ki ko ya ishe su.

Akwai hanyar da mata ba su cika tunaninta ba, wato uwa biyu su haɗu su kama gida ɗaya. Ku koma kan lissafin da muka yi ɗazu. Uwa da yara biyu 1.6 ne, gida biyu irin wannan 3.2. In suka haɗu a rufi ɗaya, ɗaya da rabi da yara huɗu, 2.7. Ga ragin kuɗi, ga kuma wadda za ta duba yara in ɗaya ta fita aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai a zaɓi mutum da idon basira, a rubuta wa ke biyan me, a kuma yi maganar baƙi tun farko, musamman baƙi maza, saboda yara.

In za ki kama ɗaki, ki je ki gan shi da rana, ki sake zuwa da dare. Ki duba ƙofa da makulli, ki tambayi su wa ke zaune a gidan, domin akwai sa'o'in da yaranki za su kasance ba ki nan. Kada ki ba dillali kafin alƙalami sai kin ga mai gidan ko takardar da ta nuna shi wakili ne. A rubuta yarjejeniya da sunanki, a faɗi wa'adin da za a ba ki in ana son ki tashi, kuma duk abin da kika biya ki karɓi rasidi. In hayar ta shekara ce, ki raba ta gida 12, ranar da kuɗi suka shigo ki fara cire kason watan ki kai inda hannunki ba ya saurin kaiwa. In kuma kin hango ba za ki cika ba, ki je wurin mai gida tun saura wata guda, da abin da kika tara a hannu da ranar da za ki cika. Masu gida da yawa suna haƙuri da wanda ya zo da kansa. Wanda ya kashe waya yana ɓuya shi suke kai wa takardar tashi.

Sai kasafi. Ki ɗauki takarda ki ja layi a tsakiya. A dama ki rubuta kuɗin da ke shigowa ta guminki ko ta hanyar da ba ta taɓa saɓawa ba. A hagu ki rubuta na alkawari: abin da uban yara ya ce zai riƙa aikowa, abin da yayanki ya ce zai taimaka. Haya da abinci a kan na dama kawai za ki gina su. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. In na hagu ya zo, alhamdu lillahi, ya tafi makaranta, sutura, ajiya. In bai zo ba, kun ji jiki amma ba ku kwana a waje ba. Mai sana'ar da kuɗinta ke hawa da sauka kuma, ta duba wata shida da suka wuce, ta ɗauki watan da ya fi muni, shi ne albashinta. Kuma jari daban, kuɗin cefane daban, ko da gwangwani biyu ne. Sana'o'in zawarawa da na ga sun mutu, yawancinsu a tukunya suka mutu.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Cewa kada ki dogara da kuɗin uban yara ba ya nufin ki bar masa. Ina jin mata suna cewa, ni ba na son komai nasa, Allah zai ciyar mini da su. Na san zafin da ke sa a faɗi haka, na faɗa da bakina. Amma 'yar uwa, kuɗin nan ba naki ba ne balle ki yafe. Na yaro ne. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan wanda aka haifa wa ɗan, gwargwadon ƙarfinsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 27, ta wajabta wa ƙasashe su ɗauki matakin karɓo wa yaro kuɗin kulawa daga iyayensa, ko suna cikin ƙasar ko suna waje. Tunisiya tun 1993 ta kafa asusun da ke biyan uwa idan uba ya ƙi bin hukuncin kotu, sannan hukuma ta bi shi ta karɓa. A Birtaniya, ga mai matsakaicin samu, ana lissafa kashi 12 cikin 100 na kuɗin shigarsa kafin haraji don yaro ɗaya, 16 don biyu, 19 don uku ko fiye. Ba dokarku ba ce in ba can kuke ba, amma tana ba ku abin kwatance idan an zauna sulhu aka ce ki faɗi adadi.

In za a yi sulhun, a yi shi a rubuce, da shaidu. A faɗi adadi, a faɗi rana, a faɗi wa ke biyan makaranta da asibiti, a kuma sa cewa za a sake duba adadin duk shekara, domin kaya suna tsada yara suna girma. Ya riƙa turowa ta banki don a sami shaida. In kuɗi a hannunki ne ke sa shi ƙyashi, ya biya makaranta kai tsaye ya aiko da rasidi, buƙata dai ta biya. In ya ƙi duka, kotu tana nan, kuma zuwa kotu don haƙƙin yaro ba tonon asiri ba ne. Abu ɗaya nake roƙo, kada a mai da ganin yara abin ciniki. Ke kada ki ce ba zai gan su ba sai ya biya, kai kada ka ce ba za ka biya ba sai an kawo maka su. Yaron da aka ja ta hannu biyu shi ne ke tsagewa. Ku kuma maza da kuke biya, ku sani abin da kuke aikawa ba kyauta kuke yi wa tsohuwar matarku ba, cikin ɗanku kuke cikawa.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba zan ce kada ku ci ba. Amma ku san irin wanda kuke ci. Masu ba da rance ta waya za su ce miki kashi 10 ne kacal a wata. In kika ci 100 ba ki biya ba, ruwa yana hawa kan ruwa, bayan wata 12 ana bin ki kusan 314. Kuma in basussuka sun taru, kada ki fara biyan wanda ya fi ɗaga murya. Ki fara da wanda rashin biyansa zai raba ki da rufi, sai wanda zai yanke miki wuta ko ruwa, sai wanda zai kori yaro daga aji. Sauran ki kira su ki gaya musu gaskiya, ki ba su abin da za ki iya. Ajiya kuwa, za ku ji masana suna cewa a tara kuɗin wata uku ko shida. Wadda ke fama da na yau in ta ji haka sai ta karaya ta bar abin gaba ɗaya. Ki fara da na mako guda. In ya taru ki nufi na wata.

Yara kuma a gaya musu gaskiya daidai shekarunsu: za mu koma ƙaramin gida, makarantarku tana nan, abinci yana nan. Kada a aike su karɓo kuɗi wurin ubansu, kada a sa su zama masu kai saƙo. Kuma ku kula da sayayyar lallashi, wato ki ga yaro ya yi shiru sai tausayi ya kama ki ki saya masa abin da ba ki da halinsa. Zaman rabin awa kina sauraronsa ya fi yi masa magani.

Na ga hannu a can. Bismillah, ƙanwata.

Wata matashiya ta tambaya: gidan da suke ciki tare suka gina shi da mijin, ta sa kuɗinta, amma takarda da sunansa take. Me za ta yi?

Ƙanwata, sannu, Allah ya kawo miki mafita. Ki fara tattara shaida tun yau, kafin ki yi maganar da kowa. Duk kuɗin da kika tura masa ta banki, ki je a buga miki bayanan asusunki na waɗannan shekaru. Rasidin kayan gini in akwai, saƙonnin waya da kuka yi kan ginin, magina da 'yan uwan da suka san kin sa hannu. Sannan ki kai wa lauya, domin ƙasashe sun bambanta ƙwarai a nan, wasu suna raba abin da aka samu cikin aure, wasu sai abin da kika tabbatar kin zuba za a ba ki. Kuma in an ba ki zaɓi tsakanin riƙe gidan da karɓar kasonki, kada son gidan ya rufe miki ido. Ki tambayi kanki ko za ki iya gyaran rufinsa ke kaɗai, ko akwai bashi a kansa.

Wani dattijo ya ce 'yarsa ta dawo gida da yara biyu, yana son ya taimaka amma ƙarfinsa kaɗan ne.

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Abin da kuke da shi ya fi kuɗi. Ku ne za ku iya kiran uban yaran nan da manyansa a zauna a rubuta abin da zai riƙa bayarwa, maganar da in ita ta yi za a ce fitina take nema. Ku raka ta in za ta ga mai gida ko lauya, domin ana sauraron mace dabam in an ga babba a bayanta. In kuma za ku ba ta wani abu, ku faɗa mata adadin da za ku iya ɗorewa a kai kowane wata, komai ƙanƙantarsa, don ta san a wane gefen takardar za ta rubuta shi. Sannan Baba, ku ba ta lokaci. Kada a matsa mata ta sake aure don kawai a rage baki a gida, auren da aka yi don neman ɗaki sau da yawa shi ke dawo da mace da yaro na uku.

An yi mini alama lokaci ya cika. Masu son mu zauna mu ja layin nan a takarda tare, ina nan ba zan tafi yanzu ba, ku zo da alƙalami. Wassalamu alaikum.